Aron Nono a Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na fita sayen gawayi a tare ni, in na je barka a ja ni gefe: "Asabe, yaya garin? An dace?" Har Hajiya Bilki ta Mandawari, wadda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa sunan jikarta, sai ga ta a adaidaita wai ta zo yi mini sannu da zuwa. Sannu da zuwan me, jin ƙwaƙwaf ne ya kawo ta. To na gaji da cewa alhamdulillahi ina kau da kai. Ga labarin nan gaba ɗaya, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, a bar ni in ji da abin da ke gabana.

Ga wadda ba ta san gidanmu ba, ni mai haɗa turaren wuta ce a Jakara. 'Yata Hadiza tana aure a Yakasai, mijinta Nasiru tela ne. Ta haifi 'ya'ya biyu, Allah Ya karɓi abinsa duka biyun, kuma hanya ɗaya suka bi. A haife su ɓul-ɓul, a yi suna, a yi arba'in, yaro na dariya yana wutsil-wutsil da ƙafa, sai ya doshi wata shida abin ya sauko: zazzaɓi, kukan da ba ya jin rarrashi, jiki ya ɗashe, yau ƙarin ruwa gobe ƙarin jini. Na farin bai kai yaye ba. Na biyun, Abba, har ya fara takawa yana kirana kafin ya tafi. A asibiti aka ce sikila ce, gado ce daga uwa da uba. Ta uku ita ce Ummi, ita muka goya muka ƙetare iyaka tana wata biyar, lafiyarta ƙalau, kumatu kamar a taɓa su fashe.

Uwar Nasiru ce ta fara kawo maganar nono. Ba muguwar mace ba ce, jikoki biyu ta wanke da hannunta aka kai makwanci. Ta zaunar da ni ta ce, "Asabe, ki ba ni amsa. In a jini ciwon yake tun daga ciki, ina yake ɓuya har wata biyar? Me yaro ke ci a watannin nan in ba nono ba? Taruwa yake yi a jikinsu." Mun kai Ummi awo, aka ce mu jira ta ƙara girma, wai awon da suke da shi ba ya fita daidai a jariri. Sai tsohuwar ta sa Hadiza ta tatsa a ludayi, aka jefa tururuwa a ciki, tururuwa ta mutu. Na ce, haba Hajiya, ko a ruwan Zamzam kika jefa tururuwa ai nutsewa za ta yi. Ba wanda ya yi dariya. Daga ranar Hadiza ta koma ba Ummi madarar gwangwani, ta kuma rage magana.

Ana cikin haka Mariyama ta zo, wata ƙawata Badamagara da ke kawo mini itacen turare. Ta ba mu labarin maƙwabciyarta Hajiya Hawa, wadda likitoci suka auna suka ce sikila ce da ita cikakkiya, irin wadda su can suke kira emasi, amma ga ta da furfura da tarin jikoki, ba a taɓa rataya mata ledar ruwa ba. Ƙanenta ma haka. Duk unguwa an yarda nonon gidansu ne ke da magani. Kuma ga 'yarta Zalika tana goyo. Hadiza ta ɗago kai ta dube ni, irin kallon da rabona da shi tun rasuwar Abba. Nasiru ya ce ba zai iya rufe shago ba, ɗinkin biki ya yi masa yawa, ni in raka ta. Na ce to.

Da hantsi muka shiga mota a Ƙofar Ruwa, irin dogayen nan da ake ɗora wa kaya har su ninka tsayinsu. Direban Buzu ne, ya naɗe kai sai ido, bai ce wa kowa uffan ba sai in zai tofar da yawu. Aka cusa ni tsakanin Hadiza da wani mutum mai ɗauke da injin markaɗe, ya rungume shi a cinya kamar amarya, ƙarfen yana sukana a haƙarƙari har Daura. Na ce, "Malam, injin nan ko sadakinsa ka biya ai ka sassauta masa." Ya ce in yi haƙuri, in ya sa a sama sacewa za a yi. Bayan Kazaure taya ta fashe, muka tsaya a rana ana faci. Hadiza ta tsuguna gindin wata bishiya tana kaɗa madara a kwalba, gumi na zuba, ta ƙi cire hijabi. Na ɗauka kunyar maza ce.

A Kwangwalam, wato bakin iyaka, namu suka duba katinmu suka bar mu. Can gaba kuma sai jandarmomi da mutanen duwan, masu binciken kaya. Hausa suke yi tsaf, amma da sun so su tsorata ka sai su juye Faransanci. Aka ware mata gefe, wata jandarma doguwa baƙa tana lalube mu ɗaya bayan ɗaya. Ni ta shinshina ƙullin turaren da na riƙo tsaraba ta ce, "Wannan na hana kishi ne ko na jawo miji?" Na ce na hana jandarma surutu ne. Ta yi dariya ta wuce kan Hadiza. Tana ɗora hannu a ƙirjinta sai fuskarta ta sauya.

"Me kika ɗaure a nan?"

Hadiza ta kau da kai.

"Ƙwaya ce? Ku mutanen Najeriya da goyo kuke fakewa. Shiga ciki."

Na bi su wani ɗan ɗaki mai rufin kwano, Ummi a kafaɗata, ina ta masifa ina cewa mu ba 'yan ƙwaya ba ne, 'yata hafiza ce. Jandarmar ta sa ta cire hijabi da riga. Sai ga zani an yage shi gida biyu, an naɗe ƙirjin tam, an ƙulle a baya. Tana warwarewa wani wari na tashi, na kanwa da sassaƙe. Da ta kai ƙarshe babu ƙwaya babu komai, sai fata duk ta saɓule, shatin zanin ya kwanta a jiki, ga busasshen magani ya yi ɓawo. Ni da na shayar da shida na san abin da nake kallo. Kafar da nonon take yi.

Na ce, "Hadiza! Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar ludayi, Inna. In ta yi kuka sai ya zubo, sai in ji kamar in ba ta. Na ji tsoron wata rana zan ba ta. Har maganin sha ma na karɓo."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni a zatona tatsewa take tana zubarwa, yadda in an gama abin da za a yi ta mayar da 'yarta kan nono. Jandarmar nan da ta shigo da tsawa ta tsaya riƙe da tsumman, ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta tambaya a hankali ko yarinyar marainiyar wani ce. Na ce 'yarta ce ta cikinta. Ba ta sake tambaya ba. Ta ce kada a mayar da ɗaurin, Hadiza ta ce sai ta mayar, jandarmar da kanta ta kama mata bakin zanin.

A Matamai ruwan zafin fulas ya ƙare, Ummi na tsala ihu. Na sauka wurin wani mai shayi na roƙi ruwa. Ya tsiyayo mini daga wata tukunya, na taɓa na ji ɗumi kawai, na tambaye shi ko ya tafasa, ya ce tun safe. Direba na ta danna oda, muka kaɗa muka ba ta. A wurin na fara ganin burodinsu, dogo siriri kamar muciya, an jingine shi a kwando ba leda ba komai, ƙuda na hawa na sauka. Na saya don yunwa, ɓawon ya kusa cire mini haƙorin gaba.

Da la'asar muka shiga Damagaram. Gidan Mariyama, wadda ta riga mu komawa, a Birni yake, tsohuwar unguwa mai lunguna irin namu, har na ji kamar a bayan Kurmi nake, sai dai su duwatsu ne manya-manya a tsakiyar gari, gidaje sun raɓe a jikinsu. Abin da ya fi ba ni wahala ruwa. Mu da muke ƙorafin 'yan garuwa a Kano, mu gode wa Allah. Can ruwan wanka a ƙaramin bokiti ake miƙo maka, kuma a cikin baho za ka tsaya, don a tara na ƙasan a ba awaki ko a yayyafa tsakar gida. Na yi wanka irin na gida na kwarara abina, na fito na tarar yaran gidan sun yi cirko-cirko suna kallon rariya kamar na zubar da mai.

Abinci kuwa ba su da rowa. Tuwon gero da miyar lalo, dambu da zogale, ga fura mai kyau wadda rabona da irinta tun ina yarinya. Sai shayin nan nasu a 'yan ƙananan kofuna kamar na magani, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓa na ajiye, Mariyama ta ce ba a tashi sai an sha zagaye na gaba da na gabansa, in ka ƙi ka raina mai gida. Na sha, zuciyata ta yini tana bugawa. Hadiza ba ta ci na kirki ba, fura kawai take kurɓa.

Washegari muka je gidan Hajiya Hawa. Na yi zaton zan ga mace a kwance ana yi mata fifita, sai na tarar da gajeriyar tsohuwa tana daka, taɓarya na tashi sama da kanta. Muka durƙusa muka gaisa, gaisuwarsu doguwa, sai an tambayi gajiya da zafi da iyali da dabbobi. Mariyama ta faɗi abin da ya kawo mu. Tsohuwar ta jingine taɓarya ta ce, "Ni dai ban san abin da ke jikina ba. Mutane ke faɗi. Ba ku ne na fari ba, kuma ban taɓa ce wa kowa ga magani ba. Amma yaro ba a hana shi nono." Ta ƙwala wa Zalika kira.

A nan na ga al'adar da ta burge ni. Mu a Kano in mace ta shayar da ɗan wata, sau da yawa a ɗaka ake yi, sai an zo maganar aure a fara rantse-rantse. Su sai da aka nemi izinin mijin Zalika, aka kira limamin lungu da mata biyu na maƙwabta. Liman ya tsaya daga zaure ya ɗaga murya ya ce kowa ya shaida, daga yau Ummi 'yar Nasiru ta Kano da Ibro ɗan Zalika uwa ɗaya suke, babu aure tsakaninsu har abada. Wata tsohuwa ta ce, "Kash, an yi asarar matar Kano." Aka yi dariya.

Zalika ta zauna a tabarma ta karɓi Ummi. Yarinyar nan da ta kwana biyu tana fama da robar kwalba, tana jin ƙamshin nono ta cafke, har da gurnani, hannunta ɗaya na wasa da sarƙar wuyan Zalika. Mata suna ta masha Allah. Ni Hadiza nake kallo. Ta zauna a bakin ƙofa ta harɗe hannu a ƙirji, tana murmushi, hawaye na bin murmushin. Ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar yadda na ji nata a wannan zaman ba.

Muka koma kullum can muke yini. Sai gudawa ta kama Ummi, da ɗan zazzaɓi. Hadiza ta ce shi ke nan, abin ya zo, ta makara. Hajiya Hawa ta yafa mayafi ta ce mu tashi, akwai lokotoron da ta sani, haka suke kiran likita. Ta ce matar ta sha ɗibar jininta da na 'ya'yanta tana bincike, har ta gaji da tsira mata allura.

Likitar ba ta wuce sa'ar Hadiza da yawa ba, Bahausa ce ta garin. Ta duba Ummi ta ce gudawar ta ruwa marar kyau ce, za ta tsaya. Na tuna mai shayin Matamai na yi masa Allah Ya isa a zuci. Sai ta tambayi me ya sa yarinya 'yar wata biyar take shan gwangwani ga uwarta zaune. Hadiza ta sunkuyar da kai. Ni na kwashe labari na faɗa mata, har tururuwar ban rage ba. Sannan na yi mata tambayar uwar Nasiru, don ta daɗe tana cina: in a jini yake, ina yake ɓuya wata biyar?

Ta ajiye biro ta juyo da kujerarta. Ta ce, "Inna, tambayar mai kyau ce, da ma an amsa muku tun tuni. Jan jinin mutum kullum sabo ake yi a cikin ɓargo. Kowace ƙwayar jini, tun tana ɗanya kafin ta fito, sai ta cika cikinta da wani jan sinadari, shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ko'ina a jiki. Yadda za ta haɗa shi kuwa a rubuce yake a cikin gadon da aka samo daga uwa da uba. To rubutun ba ɗaya ba ne. Akwai na zaman ciki, akwai na zaman duniya."

Na ce, "Kamar yadda nake da haɗin turaren amarya daban, na mai jego daban."

Ta ce, "Kamar haka. Yaro yana ciki, da na cikin ake yi masa aiki. In haihuwa ta matso sai jiki ya fara rufe wannan a hankali yana buɗe na duniya. Ita sikila a rubutun duniya kaɗai take, na ciki lafiyarsa lau. Shi ya sa kike ganin jariri garas. Guzurin da ya fito da shi yake ci. Tsofaffin ƙwayoyin suna ƙarewa, sababbin suna fitowa da haɗin duniya, wajen wata shida na cikin ya yi ƙaranci, sai ciwon ya samu fili. Ko nonon wa ya sha, haka za a yi."

Hadiza ta ɗago. "Ko nonon wa?"

"Ko na wa. Naki bai taɓa yi wa 'ya'yanki komai ba sai alheri."

Na nuna Hajiya Hawa na ce, to ita fa? Likitar ta ce ita Hajiya ta gaji sikila ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma ta gaji wani abu da ba kasafai ake samu ba: nata rubutun cikin bai taɓa rufewa ba. Har yau da furfurarta ɓargonta na haɗa irin na jarirai, shi ke tare mata. A awo sai a ga kamar mai ciwon ce sosai, alhali tana da kariya. Ta ce abin a halitta yake, ba ya bi ta nono, ba ya bi ta abinci, ba a ba da aronsa. Tsohuwar ta tafa hannu ta ce, "Ka ji! Ashe jaririya ce ni." Ita kaɗai ta yi dariya, ta kuma katse ta da ta dubi fuskokinmu.

Likitar ta ce tana da awon da ke fita ko a jariri, in mun yarda. Na so in ce a bari, wallahi na so. Hadiza ta ce a yi. Aka tsira wa Ummi allura a dunduniya, ta yi 'yar ƙara ta koma tsotsar yatsa. Muka zauna a benci a waje muna jira. Da aka kira mu, tun kafin matar ta buɗe baki na gani a idonta. Ta ce Ummi ta gaji abin ta gefe biyu, irin na yayyenta. Ta ce har yanzu da sauran na ciki a jininta, amma yana ja da baya.

Ta yi mana bayani mai yawa, rabi ya shiga rabi ya wuce. Gidan sauro, rigakafi, magungunan da za a fara tun yanzu, da zazzaɓi ya taɓa ta a ruga asibiti kada a jira. Ta ce akwai wani magani da ke ɗan tura ƙofar rubutun cikin nan ta sake buɗewa kaɗan, yana rage wahala ƙwarai, in ta ƙara watanni likitocin sikila za su duba su fara ba ta. Na tambaya ko a Damagaram ake samunsa. Ta ce, "Inna, ai ya fi sauƙin samu a Kano." Sannan ta kama hannun Hadiza ta ce, "Ke kuma ki jefar da gwangwanin nan ki ba 'yarki nono. A halin da take ciki babu abin da ya fi mata shi."

Ni na gaya wa likitar abin da jandarma ta kwance a iyaka. Ta ce a cire ɗaurin yau, a riƙa sa yarinyar a kai a kai ko babu komai, wani lokaci yana dawowa. Na ce wani lokacin fa? Ta ce wani lokacin ba ya dawowa.

Da gudawar ta tsaya muka yi sallama. Zalika ta shayar da Ummi na ƙarshe a zaure, ta cika ta tam, ta ce a riƙa kawo wa Ibro ƙanwarsa yana gani. Hajiya Hawa ta rako mu har bakin titi tana ba mu haƙuri, kamar ita ta yi mana laifi.

Motar dawowa ba ta cika ba, muka samu kujerar baya mu kaɗai. Ummi ta yi barci har muka wuce Matamai, sannan ta farka da yunwa. Na kai hannu jaka zan ɗauko kwalba, Hadiza ta riƙe mini hannu. Ta ja hijabi ta rufe su su biyu. Ina jin yarinyar ta kama, tana ja da ƙarfinta, ta saki, ta sake kamawa. Hadiza ta juya ta ɗaya gefen. Ummi ta ja, ta ja, sai ta saki ta banƙare ta fasa kuka, irin kukan yaron da aka yaudara.

Hadiza ta leƙo daga cikin hijabin ta ce, "Inna, babu."

Na ce ta sake gwadawa, likita ta ce a kai a kai. Ta sake. Har muka iso iyaka tana sakewa, yarinyar na kuka, ni ina riƙe da kwalbar a cinya na kasa miƙa mata.